Ƙwayar da Na Ba Goggo

Kafin kan ya fara sara, haske nake fara gani. Wani ɗan ƙyalli ne a gefen idona na hagu, kamar an yanko bakin gwangwani an ɗaga shi a rana. Sai ya riƙa faɗaɗa yana karkarwa har ya cinye rabin abin da nake kallo. Ranar da na fara ganinsa ina ofis, a sashen ajiye fayil na ma'aikatar da nake aiki, watanni kaɗan bayan na yaye ɗana na biyu. Ina karanta sunan da ke bayan wani fayil sai na ga rabin sunan babu. Na murza ido, na je na wanke fuska, babu abin da ya sauya. Bayan kamar minti ashirin hasken ya tafi, ciwon ya sauka a ɓarin kaina na dama. Duk bugun da zuciyata ta yi sai na ji shi a bayan ido. Turaren abokiyar aikina, wanda kullum nake yabawa, ranar shi ya kai ni banɗaki ina amai.

Shekara shida na yi a haka, sau biyu ko uku a wata. Idan ya taso sai in nemi izini, in tari keke zuwa gidanmu a Gwallameji, in rufe fuska da mayafi, kowane rami muka faɗa in ji shi a ƙoƙon kaina. Ina isa in saki labule, in ɗaure kai da ɗankwali tamau, in kwanta a ƙasa. Farasitamol kuwa na sha shi kamar gyaɗa. Wani lokaci ya ɗan rage, wani lokaci ya dawo yadda na haɗiye shi.

Wadda ta fi kowa damuwa da wannan ciwo nawa ita ce Goggo, ƙanwar mahaifina. A hannunta na tashi tun ina aji biyu na firamare, a gidanta na cikin gari. Sana'arta masa, kuma duk unguwar an san tandarta. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, Uwata take ce mini. Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, wanda nake kira Yaya, yana koyarwa a wata sakandare a Yelwa. Duk ranar da ta ji na kwanta sai ta rufe tanda da wuri ta zo, da man zafi a ƙulle a bakin zane, da tafarnuwa, wani lokaci da rubutu a gora. Ta zauna a gefena ta riƙa danna mini goshi da babban yatsanta mai kaushi.

"Na gado ne, Uwata," in ji ta. "Mai sunanki haka ta yi fama. Ni ma nawa kan yana sarawa, ina dai sharewa ne."

A shekara ta bakwai maigidana ya matsa sai na ga likita. Wani dattijo ne mai magana a hankali. Ya bar ni na gama ba shi labari tsaf, sannan ya auna jinina, ya jira, ya sake aunawa a ɗaya hannun. Ya tambaye ni ko ina jin ciwon ƙirji, ko akwai mai ciwon zuciya a gidanmu, ko ina da ciki. Na amsa duka a gaggauce, na ɗauka tambayoyin da suka saba yi wa kowa ne.

Sai ya juya bayan wata takarda ya zana kai, ya zana ƙwaƙwalwa a ciki.

"Hajiya, wannan shi ne ciwon kan ɓari ɗaya," ya ce. "Ita ƙwaƙwalwa ba ta jin zafi. Amma akwai wata fata siririya da ta lulluɓe ta, cike da ƙananan hanyoyin jini. Akwai kuma wata babbar jijiya mai ɗauko ji daga fuska da goshi, rassanta sun kewaye waɗannan hanyoyi. A kai irin naki, jijiyar nan tana da saurin harzuƙa. Yunwa, rashin barci, rana, ko zuwan al'ada, sai ta tashi ta riƙa zubo wani sinadari. Shi ne yake sa hanyoyin jinin su buɗe, wurin ya yi tsami, har bugun jinin da da ba kya ji ya koma miki guduma."

Na tambaye shi me ya sa farasitamol ba ya yi mini.

"Shi rage zafi yake yi gaba ɗaya, bai san inda abin ya taso ba. Kuma idan ciwon ya kankama, ciki yana rage aiki, sai ƙwayar ta zauna ba ta shiga jini ba har ki amayar da ita. Wannan da zan rubuta miki daban ce. Kai tsaye take zuwa wurin. Tana matse hanyoyin jinin da suka buɗe, ta kuma toshe bakin jijiyar ta daina zubo sinadarin. Ki sha ta da zarar ciwon ya fara, kada ki jira ya yi ƙarfi. Kuma kada ki mai da ita ta kullum, don idan aka yawaita, maganin da kansa yana jawo wani ciwon kan."

Har yau ina ƙoƙarin tuna ko ya ƙara wata magana bayan wannan. Wani lokaci sai in ji kamar ya ce, ba a kai kaɗai take matse hanyar jini ba. Wani lokaci in ji kamar daga baya na ƙago wannan na sa masa a baki. Abin da na tabbata shi ne, hankalina yana kan zanen, ina murnar an ba ciwona suna da siffa.

Ba kowane kemis ke da maganin ba. A Yelwa na same shi, a shagon wata mata 'yar kudu da kowa ke kira Madam. Sunansa sumatiriftan, sai da na yi wata guda kafin bakina ya iya faɗarsa. Da ta miƙo mini kwalin ba ta sake shi nan da nan ba.

"Hajiya, wannan magani naka ne kawai," ta ce da Hausarta. "Kar ka ba wani. Ko mijinka kar ka ba shi."

Na yi dariya na ce to.

Bayan kwana tara hasken ya zo ina ofis. Na jira ya wuce, ciwon yana taɓa ni na haɗiyi ƙwaya ɗaya. Can sai na ji wuyana da ƙirjina sun ɗan ɗaure, kamar rigar da ta matse, wani ɗumi ya hau mini fuska. Kafin a kira azahar ciwon ya janye. Na zauna ina jira ya dawo, bai dawo ba. Na gama aikina, na biya kasuwa na sayi kayan miya, na dafa abinci da hannuna a ranar da ya kamata in kasance kwance a duhu. Wanda bai yi shekara shida yana asarar kwanakinsa ba zai yi wuya ya gane irin son da na yi wa wannan ƙwaya. Duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya ji labarinta. Har zanen likitan na iya, ina yi wa mutane a bayan ambulan.

Wata Asabar a tsakiyar zafi Goggo ta kira ni in raka ta Kasuwar Muda Lawal. An ba ta aikin masar walimar biki, kuma ba ta yarda kowa ya zaɓo mata shinkafa. Sai ta ɗebo a tafin hannu, ta shinshina, ta gatsa ƙwaya ɗaya da haƙori. Mun shiga layin 'yan hatsi da hantsi, mun wuce shago uku ba ta gamsu ba. A na huɗu ta sunkuya ta ɗebo, tana ɗagowa sai ta saki shinkafar ta dafe ɓarin kanta na hagu.

"Wayyo Allah kaina."

Ta zauna a kan buhu. Mai shagon, wani mutum mai furfura a gemu, ya jawo mata benci, ta ƙi tashi.

"Uwata, kamar an maka mini taɓarya a nan. Ban taɓa jin irinsa ba."

Ta faɗa da bakinta, ban taɓa jin irinsa ba. Na ji, amma ban saurara ba. Na tsuguna a gabanta ina jera mata tambayoyi kamar likita, kuma ba zan ɓoye ba, har da ɗan jin kai a ciki.

"Goggo, ɓari ɗaya ne?"

"Ɗaya ne."

"Hasken rana yana damun ki?"

"Yana damuna."

"Zuciyarki na tashi?"

Ta gyaɗa kai.

Na buɗe jaka na ɓallo ƙwaya ɗaya, na sayi fiya wata na fasa mata. Ta haɗiye, ta ce Allah ya yi mini albarka. Tambaya ɗaya ce ban yi ba, kuma na san amsarta. Shekara biyu kafin nan ni na kai ta asibiti da ƙafarta ta kumbura, aka auna aka ce tana da hawan jini. Ta sha maganin wata ɗaya, ya ƙare, ta ce ta warke. Na san wannan kamar yadda na san sunana. A ranar dai bai zo mini ba.

Mai shagon ya dube ta ya dube ni.

"Hajiya, ko dai a kai ta asibiti?"

"Ba komai, Malam," na ce. "Irin nawa ne. Na ba ta magani."

Na biya shi kuɗin shinkafar, ya sa aka ɗora mana buhun a keke. Hanyar gidanta ta bi ta gaban asibiti. Na ga ƙofar, na ga masu sayar da lemo da ayaba a bakinta, muka wuce. Goggo ta jingina kanta a kafaɗata idonta a rufe.

A gida na yi mata duk abin da nake yi wa kaina. Na kwantar da ita, na saki labule, na ɗaure mata kai, na roƙi matan gidan su rage hayaniya. Sannan na fito tsakar gida na wanke shinkafar na jiƙa, don kada aikinta ya tsaya. Sau biyu na leƙa. A na biyun tana minshari, sai na ji daɗi, don ni ma barci ne yake ƙarasa kashe mini ciwon. Na bar ta ta wuce azahar, na ce idan ta tashi ta haɗa da la'asar.

Da aka kira la'asar na shiga da buta na tashe ta. Da ƙyar ta buɗe ido. Na ɗaga labule sai na ga bakinta ya karkace. Na sa mata butar a hannun dama, ta zame ta faɗi, ruwan ya bi ƙarƙashin gado. Ta buɗe baki za ta kira ni, abin da ya fito ba magana ba ce.

A asibiti Yaya ya same mu. Likitar da ke bakin aiki matashiya ce, tana rubutu tana tambaya ba ta ɗago ba. Yaushe ya fara? Na ce tun hantsi take ciwon kai. Tana da hawan jini? Na ce an taɓa faɗa. Ta sha wani magani yau?

"Inna ba ta shan maganin asibiti," in ji Yaya.

Ina tsaye a gefensa, jakar tana rataye a kafaɗata. Na bar amsarsa a haka. Likitar ta rubuta ta wuce.

Aka ɗauki hoton kanta, aka ce hanyar jini ce ta fashe a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa. Washegari da safe, da Yaya ya fita neman ruwan zafi, na tare likitar a baranda na miƙa mata kwalin. Na ce na ba ta ɗaya a kasuwa. Ta karanta, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ja ni gefe.

"Anti, me ya sa ba ki faɗa jiya ba?"

Ta ɗaga kwalin a gabana.

"Ba a ba mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba wannan," ta ce. "Aikinsa matse hanyoyin jini, kuma bai san na kai kaɗai ba. Yana iya ɗaga jinin mutum."

"To ni ce?"

"Yadda kika ce ya faɗo mata lokaci ɗaya, na fi zaton tun a kasuwar jinin ya fara zuba. Ciwon kan da ta ji shi ne fashewar. Ko ƙwayar ta ƙara wani abu a kai, ba zan ce miki eh ba, ba kuma zan ce miki a'a ba. Babu hoton da zai nuna wannan." Sannan ta ƙara da cewa, "Da dai an kawo ta tun hantsin, da mun fara saukar da jinin da wuri."

Ta mayar mini da kwalin. A cikinsa akwai wata takarda da aka ninke ƙanana, wadda kullum nake turewa gefe in zaro ƙwaya. A barandar nan na fara warware ta. Rubutun ƙanana ne ƙwarai, amma abin da nake nema yana kusa da sama, a ƙarƙashin waɗanda bai kamata su sha ba. Layi na uku ne.

Goggo ta yi sati uku a asibiti. Da aka sallame ta na ce gidana za ta. Ɗakunan Yaya biyu ne na haya a saman bene, matarsa ma tana aiki, ni kuwa ina da ɗakin baƙi. Na ɗauki hutu, da ya ƙare na riƙa dawowa da rana. Ni ke yi mata wanka, in juya ta, in shafa mata mai a baya, in ba ta kunu da cokali ta gefen bakin da ke aiki. Dangi suna zuwa dubiya suna sa mini albarka. Wata ta ce ko 'yar da ta haifa iyakar abin da za ta yi ke nan. Duk cikin watannin nan babu abin da ya fi mini nauyi kamar wannan yabo. Sai in sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce.

Hannunta da ƙafarta na dama ba su dawo ba. Magana kuwa kalma ɗaya ta rage mata, to. Idan aka gaishe ta, to, to. Idan tana son ruwa, to. Idan aka juya ta ta ji zafi, to, to, to, da ƙarfi. Amma idonta yana nan yadda na san shi. Tana gane kowa, tana bin magana, idan yara suka yi shirme gefen bakinta yana motsi. Kuma ina shiga ɗakin idon nan yake kama ni, ya bi ni har in fita. Na rasa yadda zan karanta shi. Ta tuna kasuwar? Ta ji abin da na ce wa mai hatsi? Ta haɗa ƙwayar da abin da ya same ta, ko a wurinta Uwata ta ba ta magani ne kawai, Allah kuma ya yi ikonsa?

Ni kuma na daina shan maganin. Ban yanke shawara ba, hannuna ne ya ƙi. Hasken zai zo, in ɗauko kwalin, in tsaya ina kallonsa har ciwon ya kankama, in mayar. Maigidana ya tambaya, na ce ya ƙare kuma Madam ba ta kawo ba. Na koma kwanciya a duhu da amai, kuma wani ɓangare na zuciyata yana ganin daidai ke nan.

Wata Laraba da rana, a wata na biyar na jinyarta, ciwon ya kama ni ina ɗakinta. Yara suna makaranta, gidan babu kowa. Ban iya kai kaina ɗakina ba, na zube a tabarmar da ke gaban gadonta na rufe fuska. Na tashi na yi amai a roba, na koma. Can sai na ji tana buga katakon gado da hannun hagu. Na ɗago. Tana nuna bayan ƙofa, inda jakata take rataye.

"Goggo, ruwa?"

"To! To!"

Ta ci gaba da nunawa. Na rarrafa na ɗauko jakar na ɗora mata a cinya. Da hannu ɗaya ta riƙa tonawa, ta fito da makulli, ta fito da carbi, ta ture su. Sai ta zaro kwalin. Ta ɗaga shi kusa da fuskarta ta daɗe tana kallo, ita da ba ta karatun boko. Sannan ta dube ni.

A nan na durƙusa na faɗa mata komai. Na ce Goggo, maganin nan bai kamata in ba ki ba. Na san kina da hawan jini, na manta. Mutumin ya ce a kai ki asibiti na ce a'a. Mun wuce ta ƙofar asibitin. Kina kwance jini yana zuba a kanki ni ina wanke shinkafa. Likita ta tambaya na yi shiru. Na ce ki yafe mini, Goggo, don Allah ki yafe mini.

Hawaye ya gangaro ta idonta na hagu. Amma tun da ciwon ya same ta idon yakan yi haka ko babu dalili.

"To," ta ce. "To, to."

Ta miƙo hannu, kwalin ya faɗo a cinyata. Na sha juya wannan a raina. Wani lokaci in ga miƙo mini ta yi, tana cewa sha, Uwata, daina wahalar da kanki. Wani lokaci in ga hannun ne ya gaji ya sake shi. Akwai kuma ranakun da nake ganin nuna mini ta yi, ga abin da kika ba ni, na sani. Kalmar da ta faɗa ita ce dai wadda take faɗa wa mai kawo mata ruwa.

Na ɓallo ɗaya na haɗiye a gabanta. Na zauna na jingina da gadon. Da wuyana da ƙirjina suka fara ɗaurewa sai na ce a raina, wannan matsewar ita ta bi jikinta a cikin keke, kanta a kafaɗata. Ciwon ya janye kamar yadda ya saba. Kafin yara su dawo na tashi na dama mata kunu.

Ta rasu a ƙarshen damina, da safe, bayan na gama goge mata baki. Wata bakwai ta yi tana jinya.

Bayan sadakar arba'in na koma wurin dattijon likitana na ba shi labari. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma wanke ni ba. Ya jawo abin awo ya ɗaura mini a hannu, ya jira, ya sake. Ya ce in dawo bayan sati, na dawo, ya sake aunawa.

"Hajiya, naki jinin ma ya hau. Ki ajiye waccan ƙwayar tukuna."

Ya rubuta mini wata, ƙarama, ta shan kullum. Ya ce ita ba ta kashe ciwon idan ya riga ya taso. Aikinta ta kwantar da jijiyar tun kafin ta harzuƙa, yadda abin da da yake tayar da ita sau uku a wata zai koma sau ɗaya, ko ya zo da sauƙi. Ya ce sai na yi haƙuri na makonni kafin in ga bambanci, kuma kada in daina ta rana ɗaya don na ji sauƙi. Na tambaye shi wane irin magani ne.

"Asalinsa na hawan jini ne," ya ce. "Daga baya aka lura masu shansa ciwon kansu yana raguwa."

Ya ƙara da cewa yanzu akwai wata allura da take kama sinadarin da kansa ba tare da ta matse hanyar jini ba, amma ba ta zama abin da ake samu a nan cikin sauƙi ba. Na karɓi takardar na fito. Tun daga lokacin kowace safiya ina shan ƙwayar bayan karin kumallo, kuma ciwon ya ragu sosai.

Saura mutum ɗaya da ya kamata ya sani. Sai da shekara ta kusa zagayowa na je Yelwa na sami Yaya, ranar da matarsa ta tafi unguwa. Yana zaune da tarin takardun jarrabawa yana makin. Na faɗa masa tun daga layin 'yan hatsi har barandar asibiti, ban rage komai ba. Bai katse ni ba. Da na gama ya rufe biron ja, ya ajiye shi a kan takardun, ya daɗe yana kallon taga.

"Ajali ne," ya ce. "Kwananta ne ya ƙare. Kuma kin yi mata abin da ni ban yi ba."

Na fara godiya, sai ya ɗaga hannu.

"Amma da ba ki faɗa mini ba, ƙanwata. Wallahi da ba ki faɗa mini ba."

Ya rako ni har bakin titi, ya tarar mini keke, ya ce in gaida maigidan da yara.

Zumuncinmu bai yanke ba. Yana kira, yana zuwa, ranar da ɗana ya yi saukar karatu shi ya zauna a gaba. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma haka. Da ƙaramar sallar da ta wuce suka zo mana yini shi da matarsa. Mun ci abinci, ana hira, sai ta dafe goshi ta ce ranar da suka sha a hanya ta sa mata ciwon kai. Na miƙe. Ruwan sanyi kawai zan ɗebo mata a firij. Kafin in kai ƙofar kicin na ji muryarsa a bayana, a hankali, ba faɗa a cikinta.

"Bar shi, ƙanwata. Za mu tsaya a hanya mu sayi magani."

Na ce ruwa ne, Yaya. Ya ce ya sani. Na kawo ruwan a kofin gilashi, ta sha rabi ta yi godiya. Suka ƙara ɗan zama don kada abin ya yi kama da wani abu, sannan ya ce yamma ta yi, akwai sauran gidajen da za su shiga. Na raka su bakin get, na tsaya har kekensu ya sha kwana.